Sababbin gidaje a karkara: kafin a kafa borni, a tambayi ruwa da mai gona

Maganarmu ta yau a kan filin gida take, filin da saurayi zai kafa ɗakinsa idan ya yi aure. A garuruwanmu na karkara, da zarar an ɗaure dammuna, hatsi ya shiga rumbu, sai bukukuwan aure su kankama. Kowane ango yana bukatar ɗaki, gidan uba kuwa ya riga ya cika: inda a da ake ɗaure akuya an gina, inda ake sussuka an gina. Sai ido ya koma bayan gari. To, bayan gari yana da masu shi. Ko dai gonar wani ce, ko burtalin dabbobi, ko kuwa hanyar da ruwa yake bi idan sama ta yi nauyi.

Saboda haka shawarar da hukumar komin take yankewa a kan inda za a yi sabuwar unguwa a ƙauye tana cikin shawarwari mafi nauyi da ke hannunta. Kasuwa idan an kafa ta inda bai dace ba, ana iya tashinta. Haraji idan ya yi yawa, ana iya rage shi baɗi. Amma unguwa idan ta zauna, ta zauna ke nan, jikoki ma a nan za su tarar da ita.

Ra'ayinmu shi ne: kada wata komin ta yanka filayen gidaje a ƙauye sai an yi zama a cikin ƙauyen, a bainar jama'a, an amsa tambayoyi uku. Ina ruwa yake bi? Wa yake ci daga wannan gona? Ina dabbobi suke wucewa? A rubuta amsoshin, a karanta ma jama'a, sannan mai awo ya zo da igiyarsa.

Muna ƙaruwa, ƙasa tana nan yadda take

Bari mu fara da lissafi, don lissafi ba ya son kai. A ƙidayar jama'a ta 1977, mutanen Nijar sun ɗan haura miliyan 5. A ta 1988 sun wuce miliyan 7. A ta 2001 sun kai miliyan 11, a ta 2012 kuma miliyan 17 da ɗoriya. Ƙidayar 2012 ta nuna cewa muna ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 kowace shekara, kuma fiye da mutum 8 cikin 10 a karkara suke zaune. Jahohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, kowace ɗaya ta haura mutum miliyan 3 a wannan ƙidaya. Da irin wannan ƙaruwa, garin da yake da mutum 1000 zai zama na mutum 2000 kafin shekara 20 ta cika. Wanda duk ya ce a hana gini a ƙauye, bai dubi wannan lissafi ba. Gini dole ne. Abin tambaya shi ne inda za a yi shi.

Mu ɗauki misali. A ce wani gari yana bukatar filaye 100, kowane fili mita 20 a tsawo, mita 20 a faɗi. Hekta ɗaya, idan an fidda hanyoyi da wuraren jama'a, wajen filaye 15 za ta bayar. Ke nan ana bukatar kusan hekta 7. Hekta ɗaya ta hatsi kuwa, a shekara mai dama-dama, tana ba da kilo 400 zuwa 500. Wato sabuwar unguwar za ta cinye wajen buhu 30 masu kilo 100 kowace shekara, kuma ba za ta taɓa mayar da su ba.

Lissafin ma ya fi haka nauyi, don gonakin bakin gari su ne suka fi kowace gona ƙarfi. Su ake kai ma taki da shara da toka tun zamanin kakanni, su ne kusa da ƙafar tsoho da ta mace mai goyo. Idan gari ya faɗaɗa ba tare da shawara ba, gonar da ta fi albarka ita yake fara haɗiyewa.

Wa ke yanke shawara?

A da, wanda yake son filin gida wajen mai gari yake zuwa. Mai gari ya tara dattawa, a yi magana da mai gona, a nuna wuri, a raba goro, a yi fatiha. Wannan tsari yana da aibinsa, don wani lokaci mai gari yana fifita nasa, kuma ba a rubuta komi. Amma yana da wani ƙarfi guda: masu shawarar a garin suke kwana. Idan ruwa ya ci unguwar, har da ƴaƴansu zai ci.

Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na watan Yuli 2004, komin-komin suka fara aiki da magajin gari da ƴan majalisa, kuma dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta tabbatar musu da hannu cikin tsara gari da yankan filaye. A watan Afrilu 2024 aka rushe majalisun, aka naɗa kantomomi su riƙe komin-komin. Ko majalisa ce ke riƙe da komin, ko kantoma ne, matsalar guda ce: komin ɗaya ta karkara tana haɗa garuruwa da rugage masu yawa, kuma wanda yake zaune a babban garin komin ba zai san kowane kwari da kowace iyakar gona ba. Inda babu ɗan majalisar da zai kawo kukan garinsu, nauyin zuwa a ji ta bakin jama'a ya ƙaru a kan mai riƙe da komin.

Yankan filaye irin na hukuma, wanda muke kira lotisma, yana da amfani ƙwarai. Mai awo yana aunawa, ya zana taswira, ya kafa turakun siminti, wato borni, kowa ya san iyakarsa. Ana samun hanyoyi masu faɗi da amalanke da motar ɗaukar marar lafiya za su bi. Gobara ba ta tsallakawa daga wannan danga zuwa waccan kamar yadda take yi a tsohon gari mai lunguna. Mai fili yana samun takarda. Duk wannan alheri ne. Abin da muke tsoro shi ne lotisman da aka zana cikin biro, da rani, a kan takarda fara, wanda mutanen gari ba su san da shi ba sai ranar da suka ga borni cikin kararen gonarsu.

Tambaya ta farko: ina ruwa yake bi?

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Mu ƙara da cewa ba ya manta hanyarsa. Kwarin da ya yi shekara 15 bai ga ruwa ba yana nan a matsayin kwari, kuma ranar da aka yi mamako ta nan ruwan zai gangaro.

Birnin Maraɗi da kansa shaida ne. Tsohon gari a cikin kwari yake, a bakin gulbi. A 1945 ambaliya ta rusa shi, dole aka hau tudu aka yanka sabon gari mai miƙaƙƙun tituna. Darasin yana nan a gaban kowa, amma shekarun fari na 1973 da 1984 sun sa mutane da yawa sun saki jiki. Aka ga fadamu sun bushe, aka ga tafkuna sun ƙafe, aka gina a cikinsu.

Damanar 2024 ta tuna mana abin da muka manta. Bisa ƙidayar hukuma, kusan mutum 400 suka rasu a faɗin ƙasa, wasu ruwa ya ci su, wasu gini ya faɗa musu, kuma abin ya shafi fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi. Jahohin Maraɗi, Damagaram da Tawa suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. A farkon watan Satumba tsohon masallacin Birni a Damagaram ya rushe. Har komawa lakwal sai da aka ɗaga zuwa 28 ga watan Oktoba, don azuzuwa da yawa sun lalace, wasu kuma mutanen da suka rasa matsuguni ne a ciki. Ruwan sama daga Allah yake, wannan kowa ya yarda. Amma zaɓen wurin gini daga mutum yake, kuma a kansa za a tambaye mu.

Taswirar da aka zana a watan Maris ba ta nuna inda ruwa yake kwanciya. Tsofaffin gari kuwa sun sani. Sun san inda ruwa ya tsaya a shekarar da aka yi babbar ambaliya, sun san itacen da ya kai ma gindi. Mata masu zuwa rijiya da yara masu kiwo sun san inda ƙafa take nutsewa a watan Agusta. Wannan sani kyauta ne, ba ya bukatar ko dala, sai dai a zo a tambaya.

A nan ne kuma ya kamata a yi maganar kududdufi. Ramin da aka haƙi ƙasar ginin tsohon gari shi ne yake shanye ruwan gari da damana. Idan aka cike shi da shara aka yanka shi fili, ruwan da yake zuba a ciki sai ya nemi wani wuri, kuma ɗakin maƙwabci ne wuri mafi kusa. Kududdufi da magudanar da ke kai ruwa cikinsa, a sa su cikin taswira a matsayin wurin da ba a sayarwa.

Tambaya ta biyu: wa yake ci daga gonar?

Dokar ƙasar karkara ta 2 ga watan Maris 1993 ta daidaita haƙƙin da mutum ya gada bisa al'ada da haƙƙin da yake rubuce a takarda: dukansu doka tana kare su daidai wa daida. Gonar gado ba ta rasa daraja don mai ita ba shi da takarda. Haka nan dokar karɓar ƙasa don amfanin jama'a, ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ce sai an biya diyya ta adalci, kuma kafin a karɓa. Duk ma'aikacin da zai sa hannu a kan lotisma ya kamata ya riƙe waɗannan dokoki biyu a ka.

Sai dai akwai abin da takarda ba ta gani. Mai gona da mai noma gonar ba kullum ne mutum ɗaya ba. Akwai wanda aka ba aro tun zamanin ubansa. Akwai mai riƙe da jingina. Akwai matar aure mai gamana, wadda take shuka wake da yakuwa da kuɓewa a gefe, daga nan take samun kuɗin sabulu da na maganin yara. Akwai ƴaƴa mata da shari'a ta ba rabonsu na gado, amma ba a fidda musu ba, aka bar gonar a hannun babban wa. Idan aka zo biyan diyya, mutum ɗaya ake kira, shi ake ba kuɗi ko wani kaso na filayen. Sauran sai su wayi gari babu gona, babu diyya, babu wanda ya ko tambaye su. Tun cikin jawabinsa na 18 ga watan Disamba 1974, shugaba Seyni Kunce ya ɗaga maganar haƙƙin wanda yake noma gona da hannunsa. An yi ta gardama a kan wannan jawabi, amma tambayar da ya tayar ba ta mutu ba.

Shi kansa wanda aka biya, a dube shi bayan shekara 3. Filayen da aka ba shi ya sayar, kuɗin sun tafi wajen aure da suna da babur. Gona tana haihuwa duk shekara, kuɗin fili kuwa sau ɗaya ake cin su. Manomin jiya ya koma ɗan ƙwadago a gonar wani, ko ya ɗauki jaka ya tafi cin rani bai komo ba. Don haka muke cewa, inda hali ya yi, diyyar gona ta zama gona. Kuma tun farko a nemi fako, ko tudun tsakuwa da ba ya ba da amfani, ko da ya ɗan fi nisa, a bar ƙasa mai kyau ga hauya. Gawon da ke cikin filin ma a ƙirga shi. Manoman Maraɗi da Damagaram sun yi shekaru tun wajen 1984 suna renon itatuwa cikin gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, har duniya ta san da aikin. Bai kamata gatari ya share wahalar shekara 30 cikin yini guda don hanya ta miƙe ba.

Tambaya ta uku: ina dabbobi suke wucewa?

Burtali ga mai zanen taswira fili ne fetal, babu shuka, babu gini, babu mai kuka a kansa ranar awo, don makiyayi yana arewa da garkensa. Shi ya sa ido yake saurin faɗawa kansa. Amma dokar kiwo ta watan Mayu 2010 ta sa burtali da wuraren kiwo cikin dukiyar jama'a da ke hannun gwamnati, wadda ba a sayarwa, ba a mallaka ma kowa. Komin ba ta da ikon yanka abin da ba nata ba.

Idan aka toshe burtali da gidaje, shanu ba za su fasa zuwa mashaya ba. Za su ratsa ta gonar da ke gefe, daga nan sai ɓarna, sai sanda, sai abin da ba a fata. A watan Oktoba 1991, a Toda cikin yankin Gidan Rumji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, galibinsu mata da yara. Ƙasar nan ta yi alkawarin ba za ta sake ganin irin wannan rana ba. Cika alkawarin yana farawa daga ƙananan abubuwa, kamar barin hanyar shanu yadda aka same ta. A tuna kuma dabbobin garin kansa, tumaki da awakin mata, ta wannan hanya suke fita da safe su komo da marece.

Kayan aikin suna nan

Ba mu ce a ƙirƙiro sabuwar ma'aikata ba. Dokar 1993 ta riga ta kafa kwamitocin kula da ƙasa, waɗanda ake kira Kofo. An fara da Mirya da Maine-Sorowa a 1994, daga baya aka kai su matakin komin da na gari. Kwamitin gari, wato Kofob, mai gari ne shugabansa, yana da magatakarda, yana da wakilan manoma, makiyaya, mata da samari. Aikinsa ya haɗa da shaidar gado, saye, kyauta, aro da jingina a rubuce, da kula da burtali da sauran wuraren jama'a. Mutanen da za su amsa tambayoyinmu uku, doka ta riga ta zaunar da su a tabarma guda. Abin da ya rage shi ne kada a kewaye su. Garin da ba shi da kwamiti, a kafa masa kafin a yi maganar awo. Garin da kwamitinsa ya yi barci, a tashe shi.

Masu cewa komin ba ta da kuɗi

Mun san abin da wasu ma'aikata za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Komin ta karkara matalauciya ce. Haraji ba ya shiga yadda ya kamata, albashin ma'aikata yana jira, rijiya ta lalace, aji ya faɗi. Sayar da filaye shi ne hanya mafi sauri ta samun kuɗi. Za su ƙara da cewa zama da jama'a yana cin lokaci, kuma kowane zama yana tono tsohuwar rigima.

Amsarmu ita ce, wanda ya sayar da irin shuka don ya ci tuwon dare, baɗi me zai shuka? Ƙasarmu ta riga ta ɗanɗana wannan hanya. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya ma'aikata wani ɓangare na bashin albashinsu da filaye, kuma tun daga nan mutane da yawa suka saba kallon fili kamar takardar kuɗi. Shingen itatuwan da aka fara dasawa a kewayen Yamai a 1965, yankan filaye ya ci babban ɓangarensa. Abin da ya sami bakin birni, kada a bari ya sami ƙauye.

Idan don kuɗi aka yanka filaye, yawansu ake nema, kuma mai kuɗi ake sayar mawa. Sai ka ga an yanka 500 a garin da yake bukatar 100. Ɗan kasuwa da ma'aikaci daga birni su saye goma-goma su ajiye, suna jiran tsada. Saurayin garin, wanda dominsa aka ce ana yin aikin, ba shi da kuɗin saye, sai ya koma ya gina a bakin kwari inda babu mai hana shi. Filin da aka yanka kuwa ga shi nan kwance shekara da shekaru, ba a noma ba, ba a gina ba, borni kaɗai ke tsaye cikin tumfafiya. An yi asarar hatsi, ba a sami gida ba.

Zancen ɓata lokaci kuma, rigimar da zama ya tono tana nan tun da farko. Gara ta fito a gindin itace, gaban mai gari da liman, da ta fito a gaban alƙali bayan an zuba siminti. Rigakafi ya fi magani.

Abin da muke roƙo

Na ɗaya, a bi kalandar manomi. A je a dubi wurin cikin watan Agusta, lokacin da ruwa yake nuna hanyarsa. A yi zaman gari bayan girbi, kafin samari su tafi cin rani, lokacin da makiyaya suka gangaro. A kafa borni da rani. Shekara guda ta isa, kuma ba ta yi yawa ga unguwar da za ta yi shekara 100 ba.

Na biyu, a yanka gwargwadon bukata. A ƙirga magidantan da ba su da wuri, a ƙara kaɗan don shekaru masu zuwa, a tsaya nan. Ƴan gari su ne farko, da farashin da talaka zai iya, kuma gwauruwa mai ƴaƴa a rubuta fili da sunanta. Wanda ambaliya ta rusa ma ɗaki ya shiga gaban layi. A sa wa'adin gini, kuma kafin mai fili ya fara gini a bar mai gona ya ci gaba da shukarsa.

Na uku, a fidda wuraren jama'a tun kafin a sayar da fili ko ɗaya: lakwal, gidan likita, rijiya ko fanfo, filin idi, maƙabarta, da wurin haƙar ƙasar gini a gefen da ruwa yake gangarawa. Unguwar da ba ta da ruwan sha, mutane ba za su zauna cikinta ba, ko da kyauta aka ba su. Wannan ne ya sa sau da yawa waɗanda aka tayar daga kwari suke komawa cikinsa.

Na huɗu, kuɗin filaye su koma ma unguwar. A rubuta nawa aka sayar, nawa aka samu, nawa aka biya mai awo da masu gona, me aka yi da saura. A manna takardar a ƙofar komin da ƙofar mai gari, cikin harshen da mutane suke karantawa.

Na biyar, komin ta taimaka da shawara a kan irin ginin. Laka ba abin kunya ba ce. Magini Falke Barmu da laka ya fara masallacin Juma'a na Yama, cikin jahar Tawa, a 1962, kuma a 1986 aikin ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine. Ginin da ba ya bukatar katako, mai rufin tubali, an fara gwada shi a Shikal cikin yankin Filinge a 1980, kuma an horar da magina da yawa a kansa. Abin da yake kayar da ɗakin laka shi ne ruwan da ke kwanciya a gindinsa, da rufin da ba a gyara ba, da indararon da ya toshe. A ɗaga harsashi, a yi yaɓe kafin damana, a nisanta salga daga rijiya. Magina na gari sun san wannan, a kira su zaman.

Ga waɗanda suka yi yaƙi da jahilci

Ƴan'uwa da kuka zauna ajin manya har kuka iya karatu da rubutu, wannan aiki naku ne. Kwamitin gari yana bukatar magatakarda, kuma ku ne kuka dace. Ku rubuta ranar zama, sunayen waɗanda suka halarta, abin da tsofaffi suka ce a kan ruwa, sunan kowane mai noma a cikin filin, har da mai aro da mai gamana. Ku ajiye kwafi ɗaya a gari, ɗaya a komin. Kada ku bari uba ko uwa su dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta musu ba. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. To, ga wurin da za a ga amfanin wannan matsayi: taswira da jerin sunaye da lissafin kuɗi cikin harshen mai gona.

Ku kuma magabata, kantomomi, sarakuna da masu gari, da ma'aikatan awo da na gona da na kiwo, sa hannunku yana daɗewa fiye da zamanku a kujera. Ma'aikaci ana canza masa wurin aiki, unguwar da ya yanka tana nan. Wanda ya zaunar da mutane a kan tudu mai ruwan sha, bai taɓa burtali ba, bai bar kowa da kuka ba, za a riƙa sa masa albarka a garin da ya manta sunansa. Wanda ya zaunar da su a kwari, duk daren da hadari ya taso za a tuna da shi.

Ku fito daga biro, ku taka ƙasar da ƙafarku, ku zauna a tabarma ku saurara. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya ba mu damana mai albarka wadda ba ta da ɓarna, ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya. Amin.